Akwatin Bes: Daga Falo Zuwa Titi, Daga Titi Zuwa Falo

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda masu ƙarancin data.

Yau kan tsohon akwatin sifika za mu yi magana, irin ƙaton nan na bes da masu DJ ke ɗaurowa a Keke Napep ranar biki. Da yawansu yanzu suna jibge a bayan shaguna da zauruka, rana ta doke su, ruwa ya doke su, saboda an koma ga ƙananan sifiku na roba masu caji da Bluetooth. Wasu matasa sun fara mayar da su teburi, kantar littattafai ko wurin ajiye takalma. Ni abin da nake so in nuna muku shi ne, wannan akwatin asalinsa kayan ɗaki ne. Mayar da shi falo komawa gida ce. Ku biyo ni.

Mu fara da tambaya: me ya sa ma sifika take buƙatar akwati? A 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fito da tsarin sifikar da har yau muke amfani da shi: maganaɗisu, naɗaɗɗiyar wayar tagulla, da faifan takarda mai kaɗawa gaba da baya. To ga matsalar. Idan faifan ya tura iska gaba, a daidai lokacin yana janye ta a baya. Siririn sauti bai damu da wannan ba. Amma sauti mai kauri zangonsa dogo ne. Mafi kaurin sautin jitar bes yana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya haura mita 8. Sai iskar gaba ta zagayo ta haɗu da ta baya, su kashe juna. Shi ya sa idan ka ciro sifika tsirara ka kunna, za ka ji ta kamar sauro. Akwatin ne ke raba gaba da baya. Wato ba akwati, ba bes.

Kuma ba kowane akwati ba. Idan katakon ya yi laushi, shi ma zai riƙa rawa yana ɓata sautin. Dole a sa katako mai kauri, galibi milimita 18, a yi masa tokara a ciki, a ɗaure da gam da noti. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarun 1920 da 1930, rediyo a Turai da Amurka aikin kafinta ne kamar yadda yake aikin injiniya. Ana saka shi cikin kabad na katako mai sheƙi, a ajiye a falo kusa da kujeru. A 1932 Albert Thuras na Bell Labs ya samu rajistar dabarar huda rami a jikin akwati domin iskar ciki ta fito ta ƙara wa bes ƙarfi. Ramin nan da kuke gani a ƙasan akwatin DJ, wanda yara ke zura hannu, tarihinsa ke nan. A 1946 Paul Klipsch ya fara ƙera sifikarsa da ake jinginawa a kusurwar ɗaki, bangon gida ya zama wani ɓangare na akwatin. Duk waɗannan don falo aka yi su.

Mu ma nan haka abin ya zo mana. Zamanin Turawan mulki, kafin rediyo mai batir ya yaɗu, akwai akwatin katako da ake jawo wa waya daga tashar gari, mutum ya riƙa biyan kuɗi yana sauraro. An fara a Legas a shekarun 1930, tashar Kano ta zo a 1944. Daga baya gidajen ma'aikata suka samu doguwar kabad mai rediyo da garmaho a haɗe, a shimfiɗa mata ƙyalle a ɗora hoton maigida. Ku tambayi kakanninku, za su ba ku labari.

To wa ya fitar da akwatin daga falo zuwa titi? Nan sai mun je Jamaika, birnin Kingston, ƙarshen shekarun 1940. Talakan gari ba shi da kuɗin garmaho, ba shi da kuɗin shiga otal ɗin da makaɗa ke wasa. Sai masu shaguna suka fara fito da sifika waje suna sa faifai don jawo ciniki. Akwai wani mai suna Hedley Jones, wanda ya koyi aikin na'urar hango jirage a rundunar sojan saman Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo gida ya haɗa amfilifaya mai raba sauti kashi-kashi, kauri daban, siriri daban. Shi ya haɗa wa Tom Wong, wanda aka fi sani da Tom the Great Sebastian, kayan sautinsa. Bayansa Duke Reid, tsohon ɗan sanda, da Clement Coxsone Dodd suka shigo, aka fara gasar wa ya fi wani amo.

Gasar nan a hannun kafintocin unguwa ta ƙare. Su suka riƙa ƙera akwatuna masu girman kabad ɗin tufafi, har ana yi musu laƙabi da gidan farin ciki. A jera su kamar bango a fili, mutum ya ji kiɗa a ƙirjinsa kafin ya ji a kunne. King Tubby, wanda ya yi suna wajen sarrafa bes a faifai, asalinsa mai gyaran rediyo ne a unguwar Waterhouse. Ku lura fa: mai gyaran rediyo, kafinta, mai shago. Irin mutanen da ke kowace unguwa tamu.

Daga Kingston akwatin ya bi 'yan ci-rani. Ya je Ingila, inda har yau ake jera shi a titi a bikin Notting Hill na Landan. Ya je New York tare da wani yaro haifaffen Kingston, Clive Campbell, wato DJ Kool Herc. Casun da ya yi ranar 11 ga Agusta 1973 a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, unguwar Bronx, shi ake ɗauka mafarin hip hop. A ɓangaren masu jita kuma, kamfanin Ampeg ya fito da akwati mai sifika 8 a 1969, mawaƙa suka sa masa suna firji. Kun ji, kabad, firji. Ko a titi sunan kayan ɗaki bai bar shi ba.

Akwatin da ke jibge a bayan shagon mai DJ na unguwarku jikan waɗancan ne. Yawanci ma kafintan gida ne ya buga shi, aka sayo sifikar inci 15 ko 18 aka ɗaura. Ya yi kamu, ya yi suna, ya yi gangamin siyasa, ya yi wasan sallah.

Yanzu ina yake ƙarewa? Ɗan jari bola zai ɓalle sifikar saboda ƙarfe da tagulla, wannan sana'arsa ce kuma tana da amfani. Katakon kuwa sai a yar, ko a faskara a sa a murhu. Nan ne nake da magana. Irin wannan katakon da gam na sinadari aka manne shi, ga fenti, ga kafet ko ledar da aka lulluɓe shi da ita. Hayaƙinsa ba na itacen girki ba ne, kuma mata da yaran da ke gindin murhu su ke shaƙa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Akwati ɗaya ba zai canza wannan lissafin ba, na sani. Amma zai canza abin da ke cikin murhun gida ɗaya, ya kuma rage wa ɗalibi ko ango kuɗin kabad.

Kun tuna na ce ku riƙe maganar kaurin katako? An ƙera akwatin bes ne don ya jure jijjiga da ɗauka da saukewa shekara da shekaru. Da wuya a samu kabad na kasuwa mai ƙwarinsa. Kuma wannan dabi'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutanen da suka yi fitilar aci-balbal da gwangwani, guga da tsohon tif, takalmi da tayar mota, ba sai an koya musu mayar da tsohon abu sabo ba.

Ga mai son gwadawa, ga abin da zan ce. Da farko a kai wa mai gyara ya duba. Idan zai yi sauti, a bar shi ya yi aikinsa, ko a ba wata makaranta ko ƙungiyar unguwa. Idan ya mutu murus, a duba katakon: wanda ya sha ruwa ya kumbura yana marmashewa, ko gara ta cinye, ba ya gyaruwa. Idan lafiyayye ne, a kwance sifikar da wayoyin a sayar wa 'yan gwangwan. Wasu akwatunan akwai wata auduga mai ƙaiƙayi a ciki, a sa safar hannu da takunkumi kafin a taɓa ta. A goge da samfefa, a shafa fenti. Zagayayyen ramin sifikar shi ne ƙofa, ragar ƙarfen gabansa ta zama murfi, ramin iska ya zama hanyar wayar caja. A kwantar da shi ya zama teburin talabijin, a tsayar da shi a sa kanta biyu ya ɗauki littattafai. Idan dogo ne a ɗaure shi da bango, don yara suna hawa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Kafin a shafe shi da fenti, a tambayi mai shi: wane kafinta ya buga, wace shekara, wane DJ ya yi aiki da shi? A rubuta a jikin katakon daga ciki. Mun san sunan Hedley Jones ne saboda mutanensa sun adana. Namu kafintocin da masu gyaran rediyo suna nan da ransu a bakin kasuwa, ba wanda ya tambaye su.

Idan akwai irin wannan akwatin a unguwarku, ku ɗauko hotonsa ku ajiye mana a ƙasa, tare da sunan garin da abin da kuka ji na tarihinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.