Karon gyara a takardun kwamfuta: inda Git ke gazawa

Karon gyara shi ne halin da ake shiga idan mutum biyu suka ɗauki kwafin takarda guda, kowa ya sauya wuri ɗaya ta hanyarsa, sannan aka zo mayar da su abu guda. Ma'aikatan gwamnati sun san ciwon: a watan Janairun 2016 Majalisar Dattawa ta ce kwafi biyu masu saɓani na kasafin kuɗin shekarar ne ke yawo, aka shiga muhawara kan wanne ne na gaskiya.

Manhajar da ta fi shahara wajen adana tarihin gyare-gyare ita ce Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Idan za ta haɗa kwafi biyu, sai ta nemo na uku, wato asalin da dukkansu suka fito daga gare shi, ta gwada su layi bayan layi. Inda mutum ɗaya ne kawai ya taɓa, ta karɓa. Inda dukkansu suka taɓa, sai ta ajiye gyaran biyu tsakanin wasu alamomi, ta bar hukunci ga ɗan Adam.

Wannan dabara tana aiki ne a kan rubutu tsantsa. Takardun Word da Excel kuwa, tun daga fitowar Office 2007, ƙunshi ne matsattse mai ɗauke da ƙananan fayiloli da yawa. Git ba ta ganin layi a cikinsu. A ce ɗan kasuwa yana da yaro a Bahindi da wani a kan iyakar Tsamiya, duk a ƙaramar hukumar Bagudo, kowannensu ya gyara jadawalin kaya na Excel. Git za ta sanar da karo, ta bar kwafin wanda ke haɗawa yadda yake, ba tare da nuna masa gidan da aka saɓa ba. Idan ya amince da shi a gaggauce, lissafin ɗan'uwansa ya fita daga sabon kwafin ke nan, ko da yake yana nan cikin tarihi.

Mafita ta farko ita ce fayil ɗin .gitattributes, inda ake gaya wa Git ta miƙa irin wannan takarda ga wata manhaja da ta san cikinta. Git na ba ta kwafin uku, ita kuma ta dawo da sakamako ko ta ce ta gaza. Haka nbdime ke yi wa littattafan Jupyter. Word ma tana da nata tsarin gwada takardu biyu da haɗa su. Ta biyu ita ce kullewa: Git LFS, wadda ta fito a 2015, ta samu damar kulle fayil a 2017, ta yadda mutum ɗaya ne zai riƙe takarda har ya gama. Akwai jinkiri a ciki, amma ga kasafi da takardun kwangila ita ta fi aminci.

Wasu kan ajiye jadawali a tsarin CSV, wanda rubutu ne tsantsa, don Git ta iya haɗa shi. Nan ma akwai tarko. Idan yaran biyu suka shigar da buhunan shinkafa guda a layuka daban-daban, Git za ta haɗa ba tare da ƙorafi ba, kayan kuma su fito sau biyu a lissafi.