Kambo: Tarihin Matsugunin da Ba Shi da Takarda a Jazirar Sudan

Hausawan farko da suka cika gaɓar Shuɗin Nilu ba da niyyar zama suka fito ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran muhajirai zuwa gabas, har suka sauka kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. Bayansu kuma ayarin maniyyata bai yanke ba. Sukan yi noma ko ƙodago shekara biyu ko goma, su tara guzuri, su gangara Sawakin ko Fot Sudan a bakin Bahar Maliya domin tsallakawa Jidda.

Madatsar ruwan Sinnar, da aka kammala a 1925, ita ce ta sauya lissafin. Da ita aka buɗe babbar gonar audugar Jazira, aka yanka ta rabo-rabo, kowane rabo ana ce masa hawasha. Auduga kuwa tana cin hannu: shuka, noma, tsinka. Hausawa da Barebari da mutanen Darfur da na Wadai suka ɗauki wannan aiki. Amma taswirar gonar ta tanadi ƙauyen mai hawasha ne, ta manta da wurin kwanan lebura. Sai aka bar shi ya kafa bukka a gefen magudanar ruwa ko a wani ƙurgun fili da garma ba ta kaiwa. Wannan matsuguni shi ne kambo, jam'insa kanabi. An ɗauke shi a matsayin sansanin kaka ɗaya, don haka ba a yi masa rajistar fili ba, kuma galibi ba a yarda a yi ginin dindindin a cikinsa ba. Ruwan sha na magudana ne, da tsargiyarsa da sauronsa. Shekara ɗari ke nan, jikoki da tattaɓa-kunne suna nan a wuraren da doka take yi wa kallon na wucin gadi.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ƙara ɗaure kullin. Ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna Sudan tun ƙarshen 1897, shekara shida kafin Burmi. Wanda ya rasa wannan shaida ya zama baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, baƙo kuwa ba ya samun fuloti cikin sauƙi.

A nan ya kamata a karanta littafin Bawa Yamba na 1995 a kan ƙauyukan Hausawan Jazira da lura. Ya nuna cewa mutanen suna ɗaukar kansu matafiya Makka, shi ya sa ba sa damuwa da gini mai ƙarko. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda aka hana shi tubali, ba a iya auna zuhudunsa da bukkar da yake ciki.

Sauran labarin na kwanan nan ne, kuma duk a kan ƙasa yake. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta a tsarin sarautun gargajiya, abin da maƙwabtansu suka fassara da neman mallakar ƙasa. Ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu, da yawa suka ƙare a azuzuwan makarantu. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojoji da dakarun RSF, Madani ta faɗi a Disamba, kuma da sojoji suka dawo a Janairun 2025 aka kai wa wasu kanabi hari, ciki har da Kambo Ɗayyiba, bisa zargin mazaunansu da goyon bayan abokan gaba.

Fot Sudan, inda gwamnati ta koma da zama bayan tashin yaƙin, ta cika ta batse, kuɗin haya ya fi ƙarfin ko da ma'aikaci mai albashi. Masu gudun hijira suka raba makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da labule. Mai gida a Hartum ya iso da takardar filinsa a jaka, yana jiran ranar komawa. Ɗan kambo ya iso hannu rabbana, domin filin da ya baro ba a taɓa rubuta shi da sunansa ba.