Ɗalibi Mai Jinya: Waiwaye a Kan Karatu da Riƙon Dangi a Ƙasar Yawuri

Kafin in shiga tarihin da na ɗauko, ya kamata in gaya wa mai karatu abin da ya tura ni nemansa. Bara waccan, ana saura kwana huɗu mu shiga jarrabawa, ƙanwata ta bugo mini waya da asuba ta ce Kaka ta faɗi a bakin randa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, mahaifiyarmu kuwa tana aure a wani gari, saboda haka a hannun Kaka muka tashi, ni ne kuma babba. Ran nan na kama hanya, ban isa ƙauyenmu da ke bakin tafkin Kainji, cikin ƙasar Ngaski ba, sai bayan lisha. Kwana goma sha ɗaya na yi a gindin gadonta a asibiti. Da na komo makaranta an riga an rubuta darussa uku ba ni. Na je na ba da uzurina, aka ce in kawo takardar likita. Na miƙa, aka duba, aka ce ai wannan sunan wata tsohuwa ne, ba nawa ba. Gaskiyarsu kuwa, gama dokar da ke gabansu ta san ɗalibi marar lafiya, amma ba ta san ɗalibi mai jinya ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin yaya aka yi nauyin da gida guda yake ɗauka a dā ya komo wuyan yaro ɗaya, yaron kuwa shi ne wanda aka tura karatu?

Ƙasar Yawuri dai ƙasar ruwa ce. Kogin Kwara ne ya ratsa ta, kuma tun kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da hedkwatar masarauta Yalwa a 1888, akwai jama'a masu yawa da ke zaune a kan tsibiran da ke tsakiyar kogin. Su ne Hausawa ke kira Gungawa, watau mutanen gungu, su kuwa suna kiran kansu Reshe. Ga kuma Shangawa ta arewa, ga Kambari a tudu, ga Sarkawa masunta, ga Yawurawa da sauran Hausawa a garuruwa. Gungawa sun yi suna wajen noman albasa na rani a gaɓar ruwa, suna ban ruwa da hannu. Kakata a irin wannan gungu aka haife ta, kuma yawancin abin da zan faɗa game da zaman gida na wancan lokaci daga bakinta na ji shi.

Ta ce a gidansu akwai magidanta biyar, 'ya'yan mutum ɗaya, gonarsu ɗaya, rumbunsu ɗaya, jiragensu biyu. Wannan shi ne abin da a ƙasar Hausa ake kira gandu. Idan tsoho ya kwanta ciwo ba a tsayawa neman wanda zai yi jinyarsa, don kuwa gidan cike yake da hannuwa: wannan suruka ta dama kunu, waccan ta yi wanki, jikoki su yi ta shiga da fita. Amma kada mai karatu ya zaci zaman nan ba shi da wanda ya cutar. A wancan zamani akwai wata cuta da ta addabi mazauna bakin Kwara, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai haihuwa a ruwa mai gudu yake yaɗawa. Takan fara da ƙaiƙayi, ta ƙare da makanta. Mahaifin Kaka da ita ya makance, kuma ita aka ba sandarsa tun tana 'yar shekara bakwai. Ta yi masa jagora har ya bar duniya. Ƙannenta maza sun yi karatun allo, ɗaya ma ya shiga boko, ita kuwa ko baƙi ba ta iya haɗawa. Ke nan ko a cikin gandu akwai wanda ake yanke wa rabonsa na ilmi don jinya, kuma galibi 'ya mace ce.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarin dā shi ne yadda karatun kansa yake da sassauci. A makarantar ilmi, wadda muke kira karatun zaure, kowane almajiri da littafinsa, da kuma inda ya tsaya. Idan damina ta faɗi, ko aka aiko masa uwarsa ba lafiya, sai ya sallami malam ya tafi. In ya yi wata uku ya komo, ya buɗe littafi daidai inda ya bari, malam ya ɗora masa. Ba wanda zai ce masa shekara ta wuce shi. Malamin ma da kansa yakan tambaye shi mai jiki, ya ba shi rubutu ya kai. Na sha zama a aji ina tunanin wannan, musamman in aka karanto mana dokar nan ta cewa wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lacca ba ba zai zauna jarrabawa ba.

Karatun boko da wata siffa ya zo. Turawa sun gina shi a kan makarantar kwana, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 da makarantun midil na larduna. Yaron da aka zaɓa daga ƙasar Yawuri sai a ɗauke shi ɗungurungum a kai shi Sakkwato ko wani wuri mai nisa, En'e ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ba ya ganin gida sai hutu. An tsara komai a bisa zaton cewa ɗan makaranta yaro ne wanda ake ɗaukar nauyinsa, ba wanda ke ɗaukar nauyin wani ba. A lokacin zaton nan bai yi nisa da gaskiya ba, tun da yake gandu na nan, kuma cire yaro ɗaya daga cikin ashirin ba ya rage komai.

Sai aka zo aikin dam. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, zamanin gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga bakin dam har zuwa wajen Yalwa. Tsohon garin Busa ya nutse, haka ma mafi yawan tsibirin Foge da ƙananan gungaye masu yawa. Mutum wajen 44,000 aka tayar aka sake wa mazauni. Gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka, gidajen bulo da wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara. Ba na musun cewa an sami wutar lantarki, an kuma sami kifi, har ma ƙudan nan mai makantarwa ya rasa wuraren haihuwarsa a inda tafki ya shafe ruwa mai gudu. Amma Kaka ta ce ranar da suka shiga sabon gida ta gane gandunsu ya mutu. Ginin laka in iyali sun ƙaru sai a kwaɓa ƙasa a ƙara ɗaki, ginin bulo kuwa sai mai kuɗi. Gaɓar da suke noman albasa ta tafi ƙarƙashin ruwa, gonar tudun da aka ba su ba irin wadda suka saba da ita ba ce. Cikin 'yan shekaru kowane magidanci ya kama gabansa: wani ya bi kifi zuwa kudancin tafki, wani ya tafi Kwantagora, wani Ikko. Na san ko ba dam gandu yana watsewa a ko'ina cikin ƙasar Hausa, saboda haraji da kuɗi da cin rani. Sai dai abin da ya ɗauki wasu wurare shekaru hamsin, mu a wurinmu shekara ɗaya ya ɗauka, ita ce 1968.

Abin mamaki, daidai lokacin da gida ya fara rasa hannuwa, a lokacin ne ƙofar jami'a ta buɗe. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976. Ƙasarmu ba ta zama kurar baya ba. Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, wanda ya yi bincike a kan tarihin Yawuri na ƙarni na 19, ya kuma wallafa littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, ya shugabanci wannan jami'a a shekarun 1980. Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi shi ma ya shugabance ta kafin ya hau gadon sarautar Yawuri a 1999.

Ɗaliban shekarun 1970 sun sami gata. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatocin jihohi suna ba da sukolashif, abinci a jami'a da rangwame, an kuma kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972. Malamanmu da suka yi karatu a lokacin sukan ba mu labari cewa daga cikin alawus ɗinsu suke aika wa iyaye kuɗin goro da na magani. Watau ba wanda ya zauna ya tsara taimako don ɗalibi mai riƙon dangi, amma da yake abin da ake bayarwa ya wadata, sai ya zama yana ɗiga har gida. Ruwa ne ya cika randa, na ƙasa ya sami laima. Da randar ta fara ja baya sai aka ga gindinta. A watan Afrilu na 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai suka yi boren nan da ake tunawa da sunan Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. Cikin shekarun 1980 aka janye rangwamen abinci gaba ɗaya, sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya karya darajar naira. Daga nan ɗalibin da a dā yake aikawa gida ya koma jiran abin da gida zai aiko masa, alhali gidan ma shi yake jira.

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ta sami jami'arta a Aliero a 2006, ta Tarayya kuma a Birnin Kebbi a 2013. Wannan ya rage nisa, amma mutumin Wara ko na ƙauyukan Shanga har yanzu ba zai kwana gida ya wayi gari a aji ba. Ga kuma masifun da ke mai da yaro uba dare ɗaya. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Ba a yi wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. Duk inda aka yi irin wannan akan ƙidaya waɗanda suka mutu da waɗanda aka sace. Ban taɓa jin an ƙidaya 'yan makarantar da suka ajiye littafi suka koma riƙon ƙanne ba.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabon asusun ba ɗalibai rance, wanda ya fara da biyan kuɗin makaranta da kuma naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma an auna shi da cikin mutum ɗaya ne, kuma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba kuɗi ba ne, lokaci ne. Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne a baya. A Ingila dokokin 2014 sun ba yara masu jinyar iyayensu haƙƙin hukuma ta duba halin da suke ciki, amma duk da haka alawus ɗin da ake ba masu jinya ba ya hawa kan wanda ke karatu na sa'a 21 ko fiye a mako. Su ma dai ba su gama yarda cewa mutum ɗaya zai iya zama ɗalibi kuma mai jinya ba. Bambancinmu da su shi ne sun ba abin suna, suna kuma tambayar mai neman shiga jami'a ko yana da wanda yake kulawa da shi.

A ganina nan ya kamata mu ma mu fara, domin tambaya ba ta cin kuɗi. In an san mu tun ranar rajista, to ranar da aka bugo waya da asuba takardar asibitin tsohuwa za ta zama hujja, a ɗage wa mutum jarrabawa maimakon a rubuta masa faɗuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne da za a ce mun aro daga Turai, abin da malamin zaure yake yi ne tun kakannin kakanninmu. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa kuwa, waɗanda muke tara kuɗi a cikinsu kowace shekara don walimar yaye ɗalibai da ɗinka riguna iri ɗaya, da sun ware ko kashi ɗaya cikin goma don kuɗin motar wanda aka kira gida, da an rage wani abu.

Ni dai na maimaita darussan nan uku, na kuma ci. Amma in na ce ni na yi jinyar Kaka na yi ƙarya. Kwana goma sha ɗaya na yi. Sauran wata ashirin da ɗoriya ƙanwata ce, wadda take aji biyar na sakandare lokacin da abin ya faru, kuma ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ba wanda ya ce mata ta bar makaranta, kamar yadda ba wanda ya tambayi Kaka kafin a miƙa mata sanda. Da na je hutun da ya wuce na tarar ta tayar da ita zaune tana ba ta kunu a baki. Kaka ta dube ni, da ɗan abin da ya rage mata na harshe ta ce, "Maigidana, yaushe za ka gama ne, kishiyar nan tawa ta koma makaranta?" Na ce saura shekara ɗaya, Kaka. Ƙanwata ba ta ɗago kai ba, ta goge mata baki da gefen zane, ta sake cika ludayi.