Charles Meryon: Mai Zanen Da Idonsa Bai Raba Ja Da Kore Ba

 A wannan makon za mu tsallaka Faransa ta ƙarni na 19, mu bi sawun wani sojan ruwa mai suna Charles Meryon. Ya fara zanen duwatsu da gaɓar teku ne don ɗebe kewa a cikin jirgi, daga baya ya tuɓe kaki da niyyar cin abinci da fenti da buroshi, ashe idonsa ba ya raba ja da kore.

Bari mu fara sanin larurar tukuna. Ana ce mata makantar launi, amma sunan ya fi ta girma. Ba dundumi ba ce, ba kuma yanar ido ba. Mai ita yana zura zare a allura, yana hango mutum daga nesa ya gane shi. A can cikin ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri uku masu karɓar haske, wasu sun fi jin ja, wasu kore, wasu shuɗi, ƙwaƙwalwa ce ke gwama saƙonsu ta fitar da launi. Idan iri ɗaya ya ɓace ko ya raunana, yawanci na ja ko na kore, sai launukan da ke a rarrabe wurin kowa su haɗe wa mutum. Gadonta ake yi, kuma ta wajen uwa namiji ke ɗaukowa, domin tana tafiya ne a kan ƙwayar gadon da masana ke kira X. Namiji guda ɗaya gare shi, mace kuwa biyu, in ɗaya ta samu matsala ɗayar ta rufa mata asiri. Shi ya sa a cikin mutanen arewacin Turai ake samunta a kusan namiji 1 cikin 12, amma mace 1 cikin 200.

Rayuwar irin wannan mutum cike take da 'yan dabarun da ba kowa ke lura da su ba. A kasuwa sai ya latsa tumatir kafin ya san ya nuna. A danja ya haddace cewa ta sama tsayawa ce, ta ƙasa wucewa. To ku ɗauki wannan bawan Allah ku ba shi akwatin fenti, ku zaunar da shi gaban gona a tsakiyar damina. Duk abin da ke gabansa kore ne da ruwan ƙasa da ja-ja, wato daidai inda idonsa ke tuntuɓe. Masu wannan sha'awa sukan rubuta sunan kowane launi a jikin mazubinsa, su jera su a faranti bisa tsari ɗaya da ba ya canzawa, su rage yawansu, su kira wani na gida ya duba kafin fentin ya bushe. Wurin haɗi gizo ke saƙa. Launin da ke cikin mazubi yana da suna a rubuce, amma da zarar an gauraya biyu, abin da ya fito ba shi da takardar shaida. Mutum zai iya yini yana shafa wa ganyen bishiya ruwan ƙasa, yana jin kore yake shafawa.

Abin mamaki, mutum kan girma da ita bai sani ba. Mu da muke ara wa launi suna daga abubuwa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ya kamata mu fi kowa gane dalili. Yaro yana jin ana cewa ganye kore ne, jini ja ne, sai ya haddace sunan tare da abin. Bakinsa yana faɗar daidai, ba wanda ke leƙa abin da idonsa ke nuna masa.

Haka ta faru da John Dalton, Baturen Ingila wanda daga baya ya shahara da nazarin ƙwayar zarra. Sai a 1792, yana da shekara 26, ya lura da wani fure mai ruwan hoda: da rana ya gan shi shuɗi kamar sararin sama, da dare a hasken kyandir ya koma masa ja. Ya tambayi abokai suka ce furen yana nan yadda yake, ɗan uwansa Jonathan ne kaɗai ya ga abin da ya gani. A watan Oktoban 1794 ya gabatar da maƙala a kan lamarin gaban ƙungiyar adabi da falsafa ta Manchesta. Zatonsa shi ne ruwan cikin ƙwayar idonsa ke da shuɗi-shuɗi yana tace haske, har ya bar wasiyya a cire idanun a duba bayan ya mutu. Ya rasu ranar 27 ga Yulin 1844, washegari likitansa Joseph Ransome ya cika wasiyyar, ya tarar ruwan garau yake. Aka adana ragowar idon. Sai a 1995, bayan shekara 151, masana a Ingila suka gwada ƙwayoyin gadon da ke ciki suka gano cewa masu jin kore ne babu. Har yau Faransawa da sunansa suke kiran larurar, daltonisme, kalmar da 'yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci suka sani.

Lokacin da Dalton ya rasu, Meryon yana can wata uwa duniya a cikin jirgin ruwa. An haife shi a Paris ranar 23 ga Nuwamban 1821. Mahaifinsa likita ne ɗan Ingila, mahaifiyarsa 'yar rawa ce a babban gidan wasa na birnin. Ba su yi aure ba, uwar ce ta rene shi, kuma wannan asali ya ci gaba da cin ransa har ƙarshen rayuwarsa. A 1837 ya shiga makarantar sojan ruwa ta Brest. Da aka tura shi tashar Toulon, ya riƙa zuwa wurin wani mai zanen filaye da teku, Vincent Courdouan, yana ɗaukar darasi a lokacin hutunsa.

Daga 1842 zuwa 1846 ya yi doguwar tafiya a jirgin yaƙi mai suna Le Rhin, wanda ya daɗe a girke a Akaroa, wani ɗan ƙauye da Faransawa suka kafa a tsibiran Niyu Zilan, can kudu maso gabashin Ostareliya. A nan ne muke ganin Meryon mai zanen nishaɗi sosai: ƙaramin hafsa da littafinsa, in ya sauka daga aiki ya zana bukkokin mutanen Maori, da kwale-kwalensu, da duwatsun da suka yi wa mashigin ruwan zobe. Yawancin aikin da fensir ne, fensir kuwa ba ya tona asirin mai wannan larura. A ganinmu waɗannan shekaru huɗu su ne mafi sauƙi a rayuwarsa, domin ko da duniya ta juya masa baya kusan shekara ashirin bayan haka, waɗannan zane-zanen ya koma yana sake fitarwa.

Ya dawo Paris da burin zama mai zanen fenti. Shi da kansa ya ambata wa mahaifinsa a wasiƙa cewa wasu launuka suna rikice masa, amma bai janye ba. A 1848 ya bar aikin soja, ya kuma kai wani babban zane baje kolin shekara na Paris, wanda ke nuna kisan wani matuƙin jirgi Bafaranshe, Marion du Fresne, a Niyu Zilan a 1772. Niyyarsa ya mayar da shi zanen fenti. Bai taɓa yi ba. A gidan tarihi na Louvre akwai wani aikinsa na alli mai launi, jirgin ruwa a cikin teku, kuma shuɗi da ruwan ɗorawa ne suka mamaye shi, wato launukan da idon irinsa ke rabawa ba gardama. Mutumin ya san iyakar gonarsa.

Sai ya haɗu da Eugène Bléry, wanda ya koya masa sassaƙa zane a kan ƙarfe. Ga yadda ake yi: a shafe farantin jan ƙarfe da wani irin kaki, a zana hoton da tsinin allura ta yadda za ta kankare kakin, a tsoma farantin a ruwan asid ya ci wuraren da aka kankare. Sai a wanke, a cusa tawada a cikin layukan, a ɗora takarda mai danshi a matse a inji. Hoton yana fitowa a juye, dama ta koma hagu, don haka a juye ake zana shi tun farko. Babu ja, babu kore. Layi ne kawai, da tazarar da ke tsakanin layi da layi. Inda aka cunkusa su duhu ne, inda aka bar takarda fara haske ne. Bambance haske da duhu kuwa larurar ba ta taɓa shi. Meryon ya koyi hannu ta hanyar kwaikwayon ayyukan wani mutumin Holan na ƙarni na 17 da ake wa laƙabi da Zeeman, wanda shi ma ɗan teku ne, shi ma ya zana Paris.

Ba shi ne na ƙarshe da ya bi wannan hanya ba. Peter Milton, Ba'amurke da ya yi karatu a jami'ar Yale a hannun Josef Albers, babban malamin ilimin launi, ya baje zanensa na filaye a 1962, sai wani mai sharhi ya yi maganar yadda suke da ɗumi da ruwan hoda-hoda. Shi kuwa bai san ya sa ruwan hoda ba. Ya je aka gwada idonsa, daga nan ya koma baƙi da fari, kuma da shi ya yi suna.

Mu koma Paris. Tsakanin 1850 da 1854 Meryon ya fitar da jerin zane 22 a kan birnin, kuma ya yi su a kan gaɓa. A 1853 sarki Napoleon na III ya naɗa Haussmann ya shugabanci yankin, aka shiga rushe tsofaffin unguwanni da lungunansu ana shimfiɗa manyan tituna. Gadar Petit Pont da ya zana a 1850, an sake ta a 1853. Gidan famfon ruwa da ke tsaye a kan turaku cikin kogin Seine, wanda ya zana a 1852, daga baya an rushe shi. Meryon yakan tsaya gaban gini ya zana shi gutsure-gutsure a ƙananan takardu, sannan ya koma ɗaki ya harhaɗa.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na ɗakin ajiye gawa, na 1854. A ƙasa an tsamo gawa daga kogi ana ɗauke da ita, mace tana kuka, 'yan kallo sun jingina da katanga suna leƙe. A sama gidaje sun hau kan juna, tagogi baƙi ƙirin, hayaƙi na tashi, rana ta doki bango ɗaya ta bar na kusa da shi cikin inuwa. Da an yi wannan hoto da fenti, muna jin launin rufi da na tufafi da sun raba hankalin mai kallo. Da baƙi da fari ido ba shi da wurin fakewa, dole ya sauko kan gawar. Shi ma wannan ginin an daina amfani da shi a 1864. Akwai kuma na 1853, wani dodon dutse a saman majami'ar Notre-Dame ya yi tagumi yana kallon birnin, tsuntsaye na shawagi a ƙarƙashinsa. Wani abu da ya ba mu murmushi: wasu daga cikin bugun farko a kan takarda mai ɗan kore-kore aka yi su, kuma su ne masu tara irin waɗannan kaya suka fi nema.

Manyan marubutan zamanin sun gane darajarsa. Victor Hugo ya yaba masa, mawaƙi Charles Baudelaire ya yi rubutu a kansa a 1859. A 1860 aka kawo shawarar a sake buga jerin, Baudelaire ya rubuta wa kowane hoto 'yan layuka. Meryon ya ƙi. Shi bayanin tarihi yake so a ƙarƙashin hotunansa, wane gini ne, yaushe aka yi shi, me aka canza. Ku duba fa, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Faransa ya miƙo alƙalami, mai zane ya ce kwanan wata yake buƙata. Aikin bai yiwu ba. Mun karanta wannan da takaici, amma ba mu iya ba Meryon rashin gaskiya gaba ɗaya ba, tunda mutumin da ya sha jin cewa abin da idonsa ya gani ba haka yake ba, ba abin mamaki ba ne ya riƙe abin da za a iya aunawa da ƙirgawa.

Yabo bai zama kuɗi ba. Hotunan ba su yi kasuwa ba, ya zauna cikin talauci, ga kuma taɓin hankali da ya fara bayyana, yana ganin ana farautarsa. Wannan ciwo dabam ne, ba shi da alaƙa da larurar idonsa, kada a haɗa su. A 1858 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Charenton, ya fito a 1859 ya ci gaba da aiki. Daga nan sararin samaniyar hotunansa ya fara cika da abubuwa. A hoton gadar Pont-au-Change, inda da ya sa balan-balan mai ɗaukar mutane, ya goge ya zuba garken baƙaƙen tsuntsaye. A hoton ma'aikatar sojan ruwa na 1865, ginin yana nan daidai, kowace taga a mazauninta, amma ta samansa ga kifaye da dawakai da mahaya suna tahowa a cikin iska.

A 1866 aka mayar da shi Charenton. A ƙarshe ya daina karɓar abinci. Ya rasu ranar 14 ga Fabrairun 1868, yana da shekara 46.