Shan Inna a Karkarar Kano

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona, tsofaffi sun daɗe da sanin yadda abin ke zuwa. Yaro ya yi ɗan zazzaɓi, ya tashi ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaukarsa. Sai a ce Inna ce ta sha shi, wato Doguwar 'yan bori, a nufi gidan boka. Asibiti ba ya cikin lissafi, tunda ciwon iska ba na allura ba ne.

Ƙafar takan shanye, amma in aka mintsine ta yaron zai ji. Dalilin yana cikin laka. Tayi na da kusan wata guda bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ke rufewa, a cikinsa kuma ake samar da ƙwayoyin jijiyar da ke miƙa zare mai tsawo har zuwa tsoka, su sa ta motsi. Su ƙwayar cutar foliyo, wato shan inna, ke nema. Ta baki take shiga, ta hayayyafa a hanji, a kusan mutum 1 cikin 200 ta kai ga laka ta kashe su, ta ƙyale jijiyoyin ji. Ƙwayar jijiyar da ta mutu ba ta da madadi. Sai dai waɗanda suka tsira su yi rassa su riƙe tsokar da aka bari, shi ya sa wasu yaran ke ɗan samun sauƙi, boka ya sha yabo.

A 2003 gwamnatin jihar Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon rigakafin foliyo, bayan jita-jitar cewa ɗigon na hana haihuwa. Tsoron yana da tushe: ba a manta da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, inda 11 suka rasu. Amma dakatarwar ta yi tsada, don cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Yulin 2004 aka koma, da maganin Indonesiya.

Aikin ya kankama ne da hakimai, dagatai da masu unguwa suka shiga gaba. Mata masu ɗigo suka riƙa bi gida-gida, suna shafa tawada a ɗan yatsan yaro, suna rubutu da alli a bangon zaure. Yaro na ƙarshe da foliyon daji ya shanye a jihar an same shi a Sumaila a Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da wannan nau'in.