Gandun Kamuku da Lissafin Yini Ɗaya: Nazari kan Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Birnin Gwari

A cikin nau'o'in yawon buɗe ido, babu mai arhar kafawa kamar yawon yini ɗaya. A ɗauko baƙo daga masaukinsa da sassafe, shi da iyalinsa ko abokansa biyu ko uku, a haɗa shi da jagora, a nuna masa daji da namunsa, a biya da shi garin masu sana'ar hannu, a maido shi kafin magariba. Ba sai an gina otal a dawa ba. Mota guda, mutum guda da ya san ƙasa, sai hanya. Idan kayan haɗi kawai za a duba, ƙasar Birnin Gwari ta tara su: ga gandun daji na ƙasa, ga duwatsu da ruwa, ga tsohuwar al'adar ginin tukwane da saƙa, ga kuma Kaduna da ɗimbin ma'aikata da ɗalibanta a nisan kilomita 120 da 'yan kai. Amma duk wanda ya ambaci Birnin Gwari a tashar mota cikin shekaru goman nan, ya san ba gwanki ne ke fara faɗowa a ran mai sauraro ba.

Gandun Kamuku ya girmi Nijeriya mai 'yanci. A 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun En'e ta Birnin Gwari, sannan a watan Mayun 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, wato kusan rabin Yankari daidai. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, rabuwar da ke da ma'ana a taswira kaɗai, domin giwa ba ta taɓa sanin iyakar jiha ba, haka ma waɗanda suka gaje ta a dajin daga baya. Dawa ce ta doka, da maje, da taura, da baushe, da kaɗanya da ɗorawa, ga gamba mai shanye tsawon mutum da damina. Jerin namun da aka rubuta a cikinsa ya haɗa da giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, gwaggon biri da jan biri, sai tsuntsaye iri 177 aƙalla, cikinsu har da burtu da tuje. Akwai magangarar Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu da suka hau kan juna, wanda ya ci sunansa daga remayen da ke zaune a kogunansa.

Sai dai jerin sunaye ba ƙidaya ba ne. An tattara shi ne kafin dajin ya zama mafakar masu ɗauke da makamai, kuma mutanen da suka yi shekaru suna kwana a dawa da bindiga a kafaɗa ba ganye suka riƙa ci ba. Duk mai shirin sayar da tafiya zuwa Kamuku da alkawarin giwa, yaudara yake shiryawa.

Ko a zamanin lafiya ma akwai matsalar da masu tallar gandun ba su cika faɗa ba, wato agogo. Namun dawa na fita ne da asuba da kuma sakaliya. Da rana ta take, sun shige inuwa. Motar da ta bar Kaduna bayan sallar asuba, ta bi ta Buruku da Udawa, ko da hanya na da kyau ba za ta shiga gandu ba sai hantsi ya dubi ludayi, kuma dole ta juyo tun la'asar. Ke nan baƙon yini ɗaya yana isa ne bayan an tashi kasuwar, ya kuma bar wurin kafin ta sake ci. Ƙari a kan haka, dajin doka ba filin Sarangeti ba ne da ake hango garke daga nisan kilomita biyu. Itatuwa ne kusa da kusa, gwanki na iya tsayawa taku hamsin daga gare ka ba ka sani ba. Yankari ta tsira daga wannan ne saboda abu biyu da Kamuku ba ta da su: kogin Gaji da ke tara namun daji wuri guda da rani, da ruwan ɗumi na Wikki, inda wanda bai ga giwa ba zai yi wanka ya koma gida bai ji ya yi asara ba. Lokutan shekara su ma ba su jitu ba. Dogon Ruwa ya fi kyau a ƙarshen damina, daidai lokacin da ciyawa ta rufe komai, hanyoyin cikin daji suka jiƙe. Namun daji kuwa sai da rani ake ganinsu, bayan gobarar daji ta share ƙasa, sa'ad da ruwan ya ja baya.

To me ya rage da za a sayar? A ganina, jagoran ne kansa. Baƙon da aka sauke a gindin Tsaunin Rema shi kaɗai, duwatsu zai gani, ya ɗauki hoto, cikin minti goma ya gaji. In kuwa yana tare da tsohon maharbi, ƙasar ce za ta fara magana. Wannan sawun mazo ne, na daren jiya, tun da raɓa ta kwanta a kai. Wannan tonon mugun dawa ne. Wancan ɓawon na maɗaci ne, ga ciwon da ake sha masa. Kirya ce maƙera ke so, don gawayinta ba ya saurin cinyewa. Ga dalilin da ya sa maharba ke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe. Ilimi ne da ba a jami'a aka koyo shi ba, yana hannun mutum iri uku: maharba, makiyaya, da ma'aikatan gandu da suka daɗe suna sintiri. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan sana'a ɗan garin shi ne hajar.

Nan ne rikicin ya yi ɓarnar da ba a lissafa ta. An san adadin ƙauyukan da aka tasa, an ji labarin kisan sojoji goma sha ɗaya a Doka a watan Maris na 2018, da harin Gwaska a watan Mayun shekarar, da kwashe ɗaliban Kuriga ranar 7 ga Maris 2024 a kan wannan hanya ta Kaduna zuwa Birnin Gwari, da zaman 'yan Ansaru a gabashin ƙasar Birnin Gwari wajen Damari. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda sanin daji ya sauya farashi, ya kuma sauya ma'ana. Wanda ya san mashaya da burtali da mashigin kogi, a da abin alfahari ne a garinsu. Da satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, wannan sani ya koma abin da 'yan bindiga ke saye ko su ƙwata, sojoji ke nema, 'yan sa-kai ke tuhuma. Kalmar da ta shigo bakin kowa ita ce infoma. A ƙasar da yawan sanin hanya ke iya jawo wa mutum wannan suna, mai hankali yakan yi kamar bai san komai ba, ba kuma zai ɗauki ɗansa ya shiga dawa koya masa sawu ba. Gwanki na iya dawowa cikin 'yan shekaru idan an daina harbi. Tsohon da ya mutu da saninsa kuwa, ya tafi ke nan.

Ɓangaren sana'ar hannu yana da nasa lissafin. An san Gwarawa da Kamukawan yankin da ginin tukwane, da saƙa, da tabarmi. Ginin tukwanen Gwarawa aikin mata ne, da hannu ake ɗaga yumɓu ba tare da injin juyi ba, mai ginin ce ke zagaya tukunyar, sannan a yi mata zane, a shanya, a gasa a fili da itace da ciyawa. Darajar wannan fasaha ba abar gardama ba ce: Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, da irin wannan gini ta zagaya Ingila da Amurka, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Ushafa, kusa da Abuja, ta zama zangon baƙi har Bill Clinton ya ziyarce ta a 2000. Amma Ushafa ba fin kowa iya tukunya ta yi ba. Kusanci da babban birni ta samu. Kuma abin da baƙo ke saye ba shi ne abin da maginiya ta saba ginawa ba. Ita randa da tulu take yi wa maƙwabtanta, ga roba da alminiyam sun riga sun cinye rabin wannan kasuwa. Baƙo ba zai ɗora randa a bayan ƙaramar mota ya bi ramukan hanyar Kaduna da ita ba. Ƙaramin abu yake so, mai zane, wanda zai ajiye a kan tebur. Da zarar kasuwa ta koma haka, sana'ar na samun kuɗi amma tana sauya kama, kuma sau da yawa ribar na tsayawa ne a hannun mai mota da dillali, ita maginiya a bar ta da kuɗin hoto. Ko a wuraren da babu bindiga, nan ne irin wannan yawo ya fi yawan cin amanar mutanen da ake zuwa kallo.

(Wani abin da masu tsara irin wannan tafiya za su so, in da hali, shi ne tsohon garin. Birnin Gwarin da ake sani yanzu sabon mazauni ne na shekarun 1950, aka taso daga tsohon birnin da ke can arewa, yankin da ake haƙar zinariya. Kufai da ganuwa da labarin ƙaura kan riƙe baƙo fiye da gada mai gudu.)

Misali mafi kusa na wannan sana'a a aikace yana ƙetaren iyaka. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suna yawo ba shinge, cikin gonakin gero da wake. A 1996 guda 49 suka rage. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sun haura 600. Tsarin a lokacin shi ne ainihin yawon yini ɗaya: ka taso daga Yamai da safe, ka ɗauki jagora ɗan yankin a bakin hanya daga ƙungiyar jagorori, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ya hau motarka ya nemo maka su. Ya yi aiki ne don hanya gajera ce kuma mai kwalta, dabbar doguwa ce ba ta ɓuya, kuma manomin da raƙumin dawa ya ci wa wake yana ganin wani abu na dawowa garinsu. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar jagororin. Safiya ɗaya ta rushe kasuwar da aka yi shekaru ana ginawa, alhali raƙuman na nan ba abin da ya same su. Abin lura ga Birnin Gwari shi ne, tsarin da ya dogara ga Turawa kaɗan masu kuɗi da yawa, sanarwa ɗaya daga ofishin jakadanci ta isa ta kashe shi, kuma su ɗin ne suka fi tsada a idon mai garkuwa.

Saboda haka ina ganin kuskure ne a ɗauki yawon buɗe ido a matsayin maganin halin da Birnin Gwari ke ciki, kamar yadda ake yawan ji a jawaban bukukuwa. Ma'auni ne kawai, yana biyo bayan lafiya, ba ya jawo ta. An gwada ƙarfi tun 2015, lokacin da gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi don farmakin soja a Kamuku da Kuyambana. An gwada toshe layukan waya da hana sare itace a 2021. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗanda aka ce sun ajiye makamai, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi kusan shekara goma a rufe, motoci suka dawo hanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa jiran rakiyar sojoji kafin ya kai masararsa Kaduna. Amma falke da manomi suna bin hanya ne don dole, suna iya haɗiye wani kaso na haɗari. Mai yawon shaƙatawa ba shi da dole ko kaɗan, shi ne na ƙarshen dawowa. Ga kuma tambayar da sulhun ya bari a buɗe: waɗanda aka yi sulhu da su, a ina suke zaune da shanunsu? Idan amsar ita ce cikin dajin, to doka ta ce gandu na tarayya ne, ba a kiwo ba a farauta, ƙasa kuma ta ce wani abu dabam, kuma jagoran da zai shiga da baƙo sai ya san izinin wa yake nema.

Idan abin zai taso, daga ƙasa zai taso, da baƙin gida: ɗaliban nazarin tsirrai da dabbobi daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, masu kallon tsuntsaye, ma'aikacin Kaduna da ke son 'ya'yansa su ga rema da idonsu. Su kwana a gari, su shiga gefen gandu da asuba tare da ma'aikacinsa, su yi hantsi wajen maginan tukwane a kan farashin da matan suka yanka da kansu. Wato yawon yini ɗaya daga cikin Birnin Gwari, ba daga Kaduna ba. Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran kowa kuma bai fi ƙarfin masarauta ko hukumar gandun ba: a zauna da tsofaffin maharba da makiyaya da suka rage, waɗanda yawancinsu gudun hijira ya tara a cikin gari, a ɗauki muryarsu, sunan kowane tsauni da mashaya da itace, da Hausa da Gwaranci da Kamukanci da Fulatanci, a haɗa kowanne da saurayi ɗaya ko biyu. Wayar hannu ta isa wannan aiki. Abin da zai yi wuya shi ne shawo kan dattijo ya yarda cewa mai tambayarsa hanyar Goron Dutse ba wani ne ya aiko shi ba.