Malamin Dutse da Ya Sa Tukunya Cikin Tukunya

Duk mai noman rani, daga Kashin Zama zuwa Maiyama, ya san zafin kai kayan gwari kasuwar Jega: tumatir ba ya jiran farashi ya gyaru, ko a sayar yau ko a zubar gobe. Wannan asarar ce Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya tasam ma magancewa daga 1995.

A gidan maginan tukwane ya tashi, don haka yumɓu ba baƙonsa ba ne. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da ɗanyen tsumma. Ruwan yashin na tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin cikin ƙaramar. Yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku.

Dokar Najeriya ta 1970 tana ba mai sabuwar ƙirƙira takardar mallaka ta shekara 20, ba mai kwaikwayon abinsa sai da izininsa. Shi kuwa Bah Abba so ya yi a kwaikwaye shi. Da albashinsa ya biya magina suka gina tukwane 5,000 na farko, ya raba a ƙauyuka, ya kuma shirya wasan kwaikwayo da ake haskawa da majigi a dandali don mutane su ga yadda ake yi. Abin da ya fi ratsa ni shi ne 'yan mata masu talla: da kaya suka daina saurin ruɓewa, wasunsu sun samu sararin zuwa makaranta.

A 2000 ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 mujallar Time ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara, daga baya ta isa har Darfur. Ya rasu a 2010.

Sai dai tukunyar ba ta albasar Aliero ba ce, domin albasa busasshiyar iska take so, laima kashe ta take yi. Rumbun da zai riƙe albasar har damina na nan yana jiran maƙeran Jega da injiniyoyin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006.